Badagry: garin da ya rayu a kan la'ada

Tun da aka ƙaddamar da aikin babbar hanyar Sakkwato zuwa Badagry a watan Oktoban 2024, sunan Badagry ya shiga bakin mutanen Arewa fiye da yadda aka saba. Bisa tsari, titin zai taso daga Illela a bakin iyakar Nijar, ya ratsa Kebbi da Neja da Kwara da Oyo da Ogun, ya je ya tuƙe a bakin teku bayan tafiyar kilomita 1,068. Inda zai taso mun san shi kamar yunwar cikinmu. Inda zai tuƙe ne akasarinmu ba mu sani ba, in ka cire direbobin da ke zuwa Kwatano da ma'aikatan gwamnatin da aka taɓa turawa kwas can. A wurin sauran jama'a, Badagry gari ne da mota ke giftawa kafin a isa bodar Seme.

To, kusan shekara ɗari uku ke nan garin yana cin abinci da wannan giftawar. An wuce da bayi ta nan, an wuce da bindiga da albarushi, an wuce da manja, 'yan mishan sun sauka sun wuce, shinkafa da motoci sun wuce, yau kuma iskar gas ce ke wucewa a cikin bututu. Matsayin Badagry a duk wannan matsayin dillali ne: kayan ba nasa ba, kuɗin ba nasa ba, la'ada ce rabonsa. Ranar da mai kaya da mai saye suka sami wata hanyar haɗuwa, dillali sai ya koma gida hannu rabbana. Wanda bai riƙe wannan ba zai yi ta mamakin yadda ƙaramar hukumar da ke da teku da iyakar ƙasa da rijiyar mai, a cikin jihar da ta fi kowace arziki a Najeriya, har yau mutanenta ke kukan hanya da wutar lantarki.

Ruwa biyu da tudun rairayi

Badagry ce ƙaramar hukumar da ke ƙarshen yammacin jihar Legas. Kudu da ita Tekun Atalantika, yamma Jamhuriyar Benin, arewa jihar Ogun, gabas ƙaramar hukumar Ojo. Faɗinta kimanin murabba'in kilomita 440, hedikwatarta a Ajara. Ƙidayar 2006 ta ba ta mutum 241,093, ko da yake gwamnatin Legas ta ƙi amincewa da alƙaluman da aka ba jihar a wannan ƙidaya, kuma yau mutanen sun fi haka nesa ba kusa ba. A 2003 gwamnatin jihar ta yanki yankunan raya ƙasa biyu daga jikinta, Olorunda da Badagry ta Yamma, amma a kundin tsarin mulkin ƙasa har gobe ƙaramar hukuma ɗaya ce.

Abin da ke fara ba baƙo mamaki shi ne garin kansa ba a bakin teku yake ba. In ka tsaya a titin Marina ka fuskanci kudu, ruwan da za ka gani a kwance yake lumui, kamar gulbi da rani, kwalekwale na yawo a kansa ba fargaba. A ƙetarensa akwai wani siririn tudun rairayi da itatuwan kwakwa suka lulluɓe. Sai ka haye, ka taka wannan rairayin, sannan za ka ji rugugin teku kafin ma idonka ya gan shi. Wannan gulbi na bayan gaɓa ya miƙe kafaɗa da kafaɗa da teku tun daga Legas har Porto-Novo, daga can kuma ya haɗe da tafkin da ke bayan Kwatano. Kogin Yewa na zubo masa ruwan daɗi daga arewa, ruwan gishiri na turowa daga wajen Legas. Mai kwalekwale zai iya tasowa daga Porto-Novo ya sauka Legas ba tare da igiyar teku ta taɓa shi ba.

Duk sauran labarin daga nan ya tsiro. Gaɓar wannan yanki ba ta da lungun da jirgin ruwa zai shiga ya fake, kuma igiyarta mai kifar da kwalekwale ce. Saboda haka a zamanin da jiragen Turawa can nesa suke tsayawa, sai gwanayen matuƙa su riƙa kai kaya suna kawowa ta cikin igiyar. Da kayan sun taɓa rairayi, sai a ɗauke su a ka a tsallake tudun, a zuba a kwalekwalen gulbi. Duk garin da ke arewacin gulbin, yana da wurin haye mai sauƙi, yana kuma da hanyar ƙafa zuwa cikin ƙasa, to ya zama tashar jiragen ruwa. Badagry na da ukun nan. Matsalar ita ce maƙwabtansa ma suna da su: Wida da Jakin da Porto-Novo da Apa da Legas duk a kan layin nan suke. Ba abin da Badagry ke da shi wanda wani ba zai iya ƙwacewa ba, kuma an sha ƙwacewa.

Mutanen ƙasar akasarinsu Ogu ne, waɗanda Yarbawa ke kira Egun, sai Awori, wani reshe na Yarbawa. Harshen Ogu ba Yarbanci ba ne, danginsa su ne Fon na Benin da Ewe na Togo da Gana. Su ne masu Zangbeto, dodon da ake lulluɓewa da tulin zaren ganyen tukurwa, wanda asalin aikinsa gadin gari ne da dare, da kuma dogon gangan nan da ake kira Sato. Birnin ya kasu unguwa takwas, kowace da nata basarake, kuma Akran na unguwar Jegba shi ne babba a cikinsu. Unguwannin nan takwas ba ado ba ne, tabon yadda aka kafa garin ne.

Yadda gudun hijira ya haifi kasuwa

Masu kai baƙi yawon buɗe ido za su ce maka an kafa Badagry a wajejen 1425, kasuwar bayi ta Vlekete kuma a 1502. Waɗannan shekaru daga labarin baka suke, kuma ba mai musun cewa masunta da manoma sun daɗe a wurin. Sunan garin ma ana cewa daga kalmar Ogu ce mai nufin gonar wani mutum Agbede. Amma Badagry a matsayin tashar ciniki, takardun da aka rubuta a lokacin sun nuna tashinta a shekarun 1730 ne. Masarautar Dahome ƙarƙashin Sarki Agaja ta ci Allada a 1724, ta ci Wida a 1727, ta rusa Jakin a 1732. Jama'ar waɗannan garuruwa suka bazu gabas ta kan gulbi, kowane ayari da shugabansa, kowa ya kama gefensa ya zauna. A cikin masu gudun akwai wani ɗan kasuwa ɗan ƙasar Holan, Hendrik Hertogh, wanda mutanen wurin ke kira Huntokonu. Ya fara sauka a Apa, a 1736 ya koma Badagry ya jawo jiragen Turawa zuwa gaɓarta, a 1738 aka kashe shi. Kabarinsa na nan a garin.

Garin da aka haɗa daga ayarin 'yan gudun hijira, kowane basarake da Baturen da yake saukewa yana cin la'adarsa, da wuya ya yi magana da murya ɗaya. Wannan basarake na Turawan Fotugal ne, wancan na Ingila, wancan na Faransa. Ba a taɓa samun sarki guda mai ƙarfin na Dahome ko na Oyo ba. Lokacin da daular Oyo ta riƙa turo bayinta ta hanyar Egbado zuwa teku, Badagry ta cika ta batse. Da ta fara yi wa manya tsaye a wuya, sai Dahome da goyon bayan Oyo da taimakon Legas suka far mata a 1784 suka rusa ta. Cinikin ya koma Porto-Novo da Legas.

A nan ya kamata mai karatu Bahaushe ya ɗan tsaya, domin labarin ba na wasu can ba ne. A farkon ƙarni na 19, yaƙe-yaƙen zamanin jihadi a ƙasar Hausa da Nufe da rugujewar Oyo sun jefa dubban mutanen Arewa a hannun fataken bayi. Daga hannu zuwa hannu aka gangaro da su har wannan gaɓa, aka loda su a Legas da Badagry da Porto-Novo da Wida, mafi yawa zuwa Bahiya a ƙasar Barazil. A can Hausawa ne suka kitsa yunƙurin tawaye na 1807, su ne kuma a gaba a boren 1809 da na 1814. A watan Azumin 1835 bayi Musulmi, akasarinsu Yarbawa, suka yi babban boren birnin Salbado, aka sami layu da rubutun Larabci a jikin waɗanda suka faɗi.

Na taka hanyar da aka bi da irin waɗannan mutane. Daga Marina ake shiga kwalekwale mai inji, cikin 'yan mintoci a sauka tsibirin Gberefu. Daga nan tafiyar ƙafa ce a kan rairayi mai nutsar da sawu, rana na dukan ƙeya, itatuwan kwakwa hagu da dama. A tsakiyar hanya akwai wata rijiya da ake cewa ana shayar da bayi ruwanta don su manta da gida. Ko maganin ya ci ko bai ci ba, niyyar kaɗai ta isa ta sa jikin mutum ya yi sanyi. Ƙarshen hanyar shi ne wurin da suke kira mashigar da ba a komowa. Ba komai a gabanka sai igiya tana dukan gaɓa. Ni da ruwan sha a hannu da takalmi a ƙafa na isa a gajiye. A gidan tarihin iyalin Mobee kuma an miƙo mini sarƙar wuya na ɗaga, na ji nauyinta har kafaɗa, aka nuna mini wani ƙaramin mari da aka ce na yara ne. Wani a cikin waɗanda suka sa wannan ƙarfe da Hausa ya yi salatinsa na ƙarshe a ƙasar Afirka.

Akwai kuma gidan Seriki Williams Abass, mai ɗakunan tsare bayi arba'in. Shi kansa bawa ne tun yana yaro, ya sami 'yanci, ya shiga cinikin da aka yi da shi, daga baya ya zama shugaban Musulmin Badagry, Turawan mulkin mallaka suka ɗaukaka shi, ya rasu a 1919. Kalmar Seriki da ke gaban sunansa Sarki ce ta Hausa ta shiga bakin Yarbawa. Tarihinsa ba mai daɗin ji ba ne, kuma ban ga amfanin a yi masa kwaskwarima ba: Musulmi sun kasance a cikin waɗanda aka sayar, sun kuma kasance a cikin masu sayarwa.

Hanyar Badagry zuwa Sakkwato ma ba sabuwa ba ce. A watan Disamban 1825 Kyaftin Hugh Clapperton, wani Bature mai yawon bincike da gwamnatin Ingila ta turo, ya tashi daga Badagry, ya bi ta tsohuwar Oyo, ya haye kogin Kwara a Busa, ya shiga Kano a 1826, ya isa wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya rasu a kusa da Sakkwato a watan Afrilun 1827. Tafintansa wani Bagobiri ne mai suna Abubakar, wanda Turawa ke kira Pasko, da aka taɓa sayarwa a wannan gaɓa sojojin ruwan Ingila suka ƙwato shi. Yaron Clapperton, Richard Lander, ya komo Badagry da takardun maigidansa, aka zarge shi da leƙen asiri, aka ba shi ruwan guba na rantsuwa ya sha, Allah ya yi da sauran kwanansa. A watan Maris na 1830 ya dawo da ƙanensa John, suka tarar da malamai Hausawa a garin, suka kuma ga Musulmin Badagry sun fito sallar Idi bayan Azumi. Daga nan suka tafi Busa da Yawuri, suka biyo Kwara har inda ta faɗa teku.

Daga 1839 bayin da aka 'yanta a Saliyo suka fara dawowa, suna sauka a Badagry su wuce Abeokuta, wadda a lokacin ta nan take samun bindiga da albarushi. Su ne suka nemi a turo musu malaman coci. Thomas Birch Freeman ya sauka a watan Satumban 1842, Henry Townsend ya biyo baya a Disamba, suka yi bikin Kirsimeti a gindin itacen Agia, wanda ya tsaya har 1959 kafin iska ta kayar da shi. A 1845 aka gama benen 'yan mishan da Samuel Ajayi Crowther ya zauna a ciki, wanda ake tallatawa da sunan bene na farko a Najeriya. Wanda ya san Hasumiyar Gobarau a Katsina da benayen ƙasa na Kano ya san maganar na buƙatar gyara. A ce bene na farko irin ginin Turawa, sai a zauna lafiya. Abin lura shi ne 'yan mishan ɗin ma zango suka yi. Mutanen gari ba su karɓi addinin da yawa ba, a 1846 manyan 'yan mishan ɗin suka wuce Abeokuta, daga baya hedikwata ta koma Legas.

Rikicin sarautar Legas ma a Badagry yake sauke kayansa. Sarkin Legas Adele ya yi zaman gudun hijira a nan, Sarki Akitoye ma haka bayan abokin hamayyarsa Kosoko ya kore shi a 1845. A 1851 yaƙin basasa ya ɓarke a garin tsakanin masu goyon bayan ɓangarorin biyu, wuta ta cinye yawancinsa. A ƙarshen wannan shekara jiragen yaƙin Ingila suka yi wa Legas ruwan wuta suka mayar da Akitoye. A 1852 sarakunan Badagry suka sa hannu a yarjejeniyar daina cinikin bayi, a 1863 suka miƙa garin ga Ingila. Ofishin Di'o da aka gina a shekarar shi ne gidan tarihin garin a yau.

Daga nan sai dogon barci. Turawa suka zuba ƙarfinsu a Legas: layin dogo ya tashi daga can ya kai Ibadan a 1901, ya haɗe da Kano a 1912, aka gyara bakin ruwan Legas manyan jirage suka riƙa shiga har ciki. Gyaɗa da fata da auduga na Arewa duk Apapa suka nufa. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1889 kuma ta ja layi a tsakiyar ƙasar Ogu, Porto-Novo ta faɗa hannun Faransa, Badagry hannun Ingila. Dangi ɗaya, harshe ɗaya, aka wayi gari wannan na biyan haraji da sule wancan da faranka.

La'adar boda

Layin nan da ya raba dangi shi ne ya zama sabuwar sana'a. Daga Badagry zuwa Seme tafiyar kimanin kilomita 20 ce, kuma Seme na cikin mashigan ƙasa mafi cunkoso a Afirka ta Yamma, a kan hanyar da ta haɗa Legas da Kwatano da Lome da Akara da Abijan. Yadda abin ke aiki ba wuya. Najeriya na ɗora haraji mai nauyi ko ta hana shigo da wasu kaya don kare masana'antunta da manomanta. Benin kuwa sai ta sassauta nata, kaya su sauka a tashar Kwatano da yawan da ya fi ƙarfin cikin mutanenta, kowa ya san inda za su ƙare. Shinkafa 'yar waje, kajin ƙanƙara, gwanjo, motocin da muke kira 'yan Kwatano, duk ta haka suke shigowa. A ɗaya hannun, muddin ana biyan tallafin mai a Najeriya, fetur na fita a jarkoki a kan babur da cikin kwalekwale, a sayar da shi a kwalabe a bakin titunan Benin. Yarbawa na kiran sana'ar fayawo, mu muna cewa fasa-ƙwauri.

Manyan da ke da jarin ba a Badagry suke kwana ba. Suna Legas da Kwatano da Onica da Kano. Ɗan gari shi ne mai babur ɗin da ke ɗaukar buhu biyu ta cikin daji, shi ne matuƙin kwalekwale da dare, ita ce matar da ke tsallakowa da 'yan mudu a ka. La'ada ce dai, kuma wannan karon da kasadar rai. Shi ya sa duk wata doka da aka yanke a Abuja, a jikinsu take fara sauka. An rufe iyakoki a 1984 sai 1986 aka buɗe. An hana shigo da shinkafa ta ƙasa a 2016, motoci daga farkon 2017. A watan Oktoban 2018 shugabannin Najeriya da Benin suka buɗe sabon ginin boda na haɗin gwiwa a Seme, ba a cika shekara ba, a watan Agustan 2019, aka rufe iyakar ruf. A Nuwamban shekarar aka hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, wanda ke nufin manomi da masunci da mai injin niƙa da ba su taɓa fitar da ko kwalba ɗaya ba su ma sun shiga ciki. Sai Disamban 2020 aka buɗe Seme, rana ɗaya da Illela da Maigatari. Mutumin Jibiya ko Kamba ba ya buƙatar a fassara masa wannan wahala, ya sha irinta. Cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ya sake rage ribar jarka.

Ba ina kare fasa-ƙwauri ba ne. Manomin shinkafa a Kebbi da Jigawa yana da haƙƙin a kare guminsa. Amma rufe ƙofa ba tare da an buɗe wa mutanen bakin ƙofar wata sana'a ba, tura su ne zuwa hanyar daji. Ga kuma shingayen bincike da suka yi wa titin Seme katutu, waɗanda mazauna yankin da 'yan kasuwa suka daɗe suna kuka da su, domin mai kai tumatir kasuwa ma sai ya tsaya a kowanne.

Titin kansa wani babi ne. Hanyar Legas zuwa Badagry ba ta wuce kilomita 60 da 'yan kai ba. A 2009 gwamnatin Babatunde Fashola ta fara faɗaɗa ta zuwa layi goma da jirgin ƙasa a tsakiya. Aikin ya yi ta jan ƙafa shekara da shekaru, har tafiyar awa ɗaya ta riƙa cin rabin yini. Jirgin ya fara aiki a 2023, amma daga Marina ta Legas zuwa Mile 2 kawai, kuma ko a tsarin da aka zana Okokomaiko zai tsaya, bai kai Badagry ba. 'Yan yankin na yawan tuna wa mutane cewa tun 1979 ba a taɓa zaɓen ɗansu gwamnan Legas ba.

Akwai manyan abubuwa a ƙasar, ba a ce babu ba. Kwalejin horar da manyan ma'aikata ta ASCON na Topo, Ƙauyen Koyon Faransanci da aka kafa a 1991 na Ajara, kuma ɗaliban Faransanci daga jami'o'in Arewa sun san shi. Bututun gas na Afirka ta Yamma, mai tsawon kilomita 678, a nan yake shiga teku ya nufi Kwatano da Lome da Tema da Takoradi. Rijiyar mai ta Aje, kimanin kilomita 24 a cikin teku, ta fara fitar da mai a 2016, abin da ya sa Legas ta shiga jerin jihohi masu arzikin mai. A watan Agustan 2022 majalisar zartarwa ta ƙasa ta amince da gina tashar manyan jiragen ruwa a Badagry kan dala biliyan 2.59. Duba su da kyau: gas na wucewa, mai daga teku aka riƙa lodinsa, ɗalibi da ma'aikaci na gama kwas su tafi. Tashar jiragen ce kaɗai za ta iya sauya lissafi, ita ma in ba a shirya 'ya'yan yankin da ilimin aikin ba, filayensu za a karɓa a bar musu gadi da dako.

Abin da ke da saiwa a ƙasar

Kwakwa ce, wadda kakanninmu ke kira kwakwar Attagara don bambanta ta da ta manja. A 1876 'yan mishan ɗin Katolika suka kafa gonarta a Topo, daga nan ta bazu a kan rairayin gaɓa, ƙasar da rogo da masara ba sa so amma ita ta karɓe ta. Legas ce kan gaba a noman kwakwa a Najeriya, kuma mafi yawanta daga Badagry take, har jihar na da hukuma ta musamman dominta. A kasuwar Agbalata za ka ga an tara ta tsibi-tsibi. Mai ɓare ta yana kafa ƙarfe mai tsini a ƙasa, ya caka kwakwar a kai, ya murɗa, sau uku ko huɗu ɓawon ya rabu, ya jefa ta gefe ya ɗauki wata, hannunsa duk kanta. Mata na girgiza kowace a kusa da kunne, su ji motsin ruwan kafin su ware ta. Daga irin wannan tsibi ake cika motocin da ke hawa Arewa, inda za ta ƙare a faranti tare da dabino da aya, ko a cikin kunun aya, ko alawa.

Itacen kwakwa ba ya jin umarnin kwastan, ba a kuma karkatar da shi zuwa Apapa. Ga mai, ga madara, ga igiya da tabarma daga ɓawon, ga gawayi daga ƙoƙon. Amma itatuwa da yawa sun tsufa, irin dogayen nan ne da sai sun shekara shida zuwa goma kafin su fara 'ya'ya, kuma manomin da ke neman na yau ba ya iya jiran wannan shi kaɗai. Masu sayen filaye na sare gonaki suna yanka fulotai, teku na cin gaɓa, masu haƙar yashi na zurfafa gulbi. Sakamakon shi ne Najeriya na shigo da kwakwa daga Gana da wasu maƙwabta, wani lokaci ta wannan titi na Seme, ta gaban gonakin da suka tsufa. Wadda ake nomawa ma akasari ɗanya ake sayar da ita, ribar sarrafawa ta tafi wani wuri.

Masunta su ma suna da nasu kukan. A 1984 wata ciyawar ruwa mai kama da kainuwa, amma ta fi ta girma da naci, ta shigo Najeriya ta gulbin Badagry daga wajen Benin. Tun daga lokacin take rufe fuskar ruwa idan damina ta ja, ta tsare kwalekwale, ta yaga koma, ta naɗe farfelar inji. A cikin teku kuma manyan jiragen kamun kifi na shigowa kusa da gaɓa su kwashe abin da ƙananan masunta ke dogaro da shi. Ga rashin wutar da za a riƙe kifi a ƙanƙara, sai dai mata su banda shi da itace a sayar kafin ya lalace.

A ganina, da za a ware ko da ɗan kaɗan daga abin da ake tarawa a bodar Seme a zuba shi a dashen sabbin itatuwa masu saurin 'ya'ya, da injinan matsar mai a ƙauyuka, da ɗakunan sanyi a bakin ruwa, da wuta tsayayya, da saurayin Badagry ya sami abin da zai hana shi ɗaukar jarka da tsakar dare. Ga ɗan kasuwar Arewa ma akwai abin dubawa a nan. In titin Illela ya kammala, motar da ta sauke albasa da shanu da tumatir a Legas ba dole ta komo wayam ba. Tana iya komowa da man kwakwa da aka matsa aka zuba a kwalba a Badagry, da bandar kifi daga Gberefu, in an kafa inda za a yi su kafin kwalta ta iso.